Kalkuletar Windows da lissafin giga: tana faɗin gaskiya, amma sai ka san abin da za ka tambaye ta

Babu kakar aikin Hajji ko Umrar azumi da za ta wuce ba a yi wannan gardama ba a shagunan waya da kwamfuta, ko a titin Falasɗinu na Jidda, ko a wajajen Misfala da titin Mansur a Makka. Mutum ya sayi faifan ajiya, kwali ya ce 1TB, wato tera ɗaya ko giga 1,000. Ya kai masauki a jona masa a kwamfuta, ita kuma ta ce 931 GB. Gari na wayewa sai ga shi da fatura a hannu: "Yaro, ina sauran giga 69 ɗina?" Mai shago ya ce, "Wallahi Baba Alhaji, haka suke zuwa." Gaskiya ya faɗa, sai dai amsar ba ta gamsar da kowa, domin shi kansa sau da yawa bai san dalilin ba.

Abin da zai raba gardamar yana cikin kwamfutar da ke kan teburin shagon, kuma ba a biyan ko halala ɗaya a kansa. Kalkuletar da ke zuwa tare da Windows 10 da Windows 11 tana da sashen sauya ma'auni, a cikinsa akwai na data. Shi za mu duba a nan: abin da ya iya, inda yake yaudarar wanda bai lura ba, da abin da ba ya cikin aikinsa sam.

Isa gare shi ba wuya. A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta calc, a buga Enter. A kusurwar sama akwai 'yan layuka uku a jere. Idan kwamfutar da Turanci take suna hagu, idan Windows ɗin na Larabci ne, kamar yadda da yawa suke a nan Saudiyya, suna komawa dama. A taɓa su, a gangara ƙarƙashin Converter, a wuce kuɗi da tsawo da nauyi da zafi, a zaɓi Data. Gurbi biyu ne, na sama da na ƙasa, kowanne da jerin ma'aunai a ƙarƙashinsa. Duk wanda ka rubuta lamba a ciki, ɗayan yana ba da amsa nan take, ba sai ka danna komai ba. Ba ya neman intanet, babu talla, babu rajista. Microsoft ta ma buɗe lambobin da aka rubuta manhajar da su a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, tun watan Maris na 2019, don haka mai shakkar lissafinta yana iya zuwa ya gani da idonsa.

Jerin ma'aunan ne zai fara rikita mutum. Ya tashi daga bit da bait, ƙananan ma'aunan data, ya bi ta kilo, mega, giga, tera, peta, har yota, amma kowane mataki kashi huɗu ne. A matakin giga kaɗai akwai gigabit, gibibit, gigabait da gibibait, a jere, harafi ɗaya ko biyu ne ya raba su. Mai gaggawa zai ce an cika shi da tarkace. Ba tarkace ba ne, a nan duk darajar manhajar take, kuma sai an san asalin rabuwar kafin a amfana.

Kwamfuta da bibbiyu take ƙirga. Idan aka ninka biyu da kanta sau goma ana samun 1,024, wanda ya yi kusa da dubu, shi ya sa masu aikin kwamfuta na farko suka ari sunan kilo suka laƙaba masa. A lokacin bambancin kashi 2.4 cikin ɗari ne, ba wanda ya damu. Amma kowane mataki yana ƙara ninka ratar: a mega ta kai kusan kashi 4.9, a giga 7.4, a tera ta doshi kashi 10. Masu ƙera faifai da filash da katin memori suna ƙirga da dubu cif, giga ɗaya a wurinsu bait 1,000,000,000 ne. A ƙirgan bibbiyu kuwa bait 1,073,741,824 ne. Hatsi ɗaya ne ake aunawa da kwano biyu, ɗaya ya ɗan fi ɗaya girma, sai babban kwanon ya ba da adadi ƙarami ba tare da ƙwaya ɗaya ta zube ba. A watan Disamba na 1998 hukumar IEC mai tsara ma'aunan kayan lantarki ta duniya ta raba sunayen: kilo, mega, giga, tera su tsaya a kan dubu, sannan kibi, mebi, gibi, tebi su ɗauki 1,024, ana rubuta su KiB, MiB, GiB, TiB. Hakan bai hana zuwa kotu ba. A Amurka an kai ƙarar kamfanin ƙera faifai na Western Digital a kan wannan batu, aka ƙare da sulhu a 2006. Yau in ka juya bayan kwalin kowane faifai za ka ga ƙananan rubutu suna cewa giga ɗaya bait biliyan ɗaya ne.

To ga gwajin farko. A gurbin sama a zaɓi terabait a rubuta 1, a na ƙasa a zaɓi gibibait. Amsa: 931.32. Ga 931 ɗin Alhaji nan, babu abin da ya ɓata. In ana so a ƙara tabbatarwa, a danna faifan da ɓangaren dama na linzami, a shiga Properties, a dubi adadin bait ɗin da aka rubuta dalla-dalla a gefen ƙarfin faifan. Faifan tera ɗaya na yau da kullum yana da gurabe 1,953,525,168 masu bait 512 kowanne, jimilla bait 1,000,204,886,016. Wato ya ma haura abin da kwali ya yi alkawari da bait miliyan 204 da ɗoriya. Shi ya sa Disk Management, sashen Windows mai kula da faifai, ke nuna 931.51, ba 931.32 ba.

Yanzu ga babban aibin, kuma ba ƙarami ba ne. Kalkuletar tana bin tsarin IEC sau da ƙafa: in ka tambaye ta gigabait ɗaya megabait nawa ne, za ta ce 1,000. Amma File Explorer, tagar da ake buɗe fayiloli da ita, wanda kamfani ɗaya ya rubuta, a kan kwamfuta ɗaya, yana ƙirga da 1,024 sannan ya rubuta GB. Manhajoji biyu 'yan gida ɗaya, kowacce da abin da take nufi da haruffa iri ɗaya, kuma babu ko layi guda a cikin kalkuletar da ke gargaɗin mai amfani. Wanda ya ga 931 GB a Explorer ya zo ya zaɓi gigabait ya nemi terabait, za a ce masa 0.931, ya tashi da tabbacin cewa an cuce shi, har da shaidar kalkuleta. Ƙa'idar da za ta tsare ka guda ce: duk lambar da ka kwaso daga Windows, ko an rubuta mata KB, MB, GB ko TB, ka shigar da ita a matsayin kibi, mebi, gibi ko tebi. Duk wadda ka kwaso daga jikin kwali, ka shigar da ita a matsayin kilo, mega, giga ko tera. In ka riƙe wannan, manhajar ba za ta taɓa ba ka amsar banza ba. In ba ka riƙe ba, za ta ba ka amsar da ta dace da tambayar da ba ita kake nufi ba.

Sauran na'urori ba su bi Windows ba, kuma wannan ma yana haddasa nasa ruɗanin. Kwamfutocin Apple sun koma ƙirgan dubu tun sigar manhajarsu ta Snow Leopard a 2009, iPhone ta biyo baya daga iOS 11, Android kuma daga sigar 8. Don haka bidiyon ɗawafi da waya ta ce 2.15 GB ne, in aka tura shi kwamfutar shago zai bayyana a matsayin 2.00 GB. Bai ragu ba, ba a kuma yanke shi ba.

Ga lambobin da mai sayar da memori ya kamata ya haddace, duk daga gigabait zuwa gibibait: 16 na komawa 14.90, 32 na komawa 29.80, 64 na komawa 59.60, 128 na komawa 119.21, 256 na komawa 238.42, 512 na komawa 476.84. Faifan giga 500 yana nuna 465, na tera 2 yana nuna 1.81 TB, na tera 4 kuma 3.63 TB. A filash da memori a sa ran abin da za a gani ya ɗan gaza haka, domin ana ware wani kaso na ƙwaƙwalwar don maye gurbin sassan da suka gaji, tsarin fayil ma yana cin nasa. Filash ɗin 128 da ya nuna wani abu tsakanin 114 da 119 lafiyarsa ƙalau. RAM kuwa, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, ta fita daga wannan lissafi gaba ɗaya: ita da 1,024 ake ƙera ta, giga 8 ɗinta gibibait 8 ne cif, bait 8,589,934,592. Faifan DVD da aka rubuta wa 4.7 GB na ƙirgan dubu ne, a Windows 4.38 yake ɗauka, alhali 700 MB na faifan CD na ƙirgan 1,024 ne. Masana'antar kanta ba ta taɓa tsayawa kan magana ɗaya ba.

Wurin da manhajar ta fi biyan bukata shi ne iyakar FAT32, wani tsohon tsarin ajiye fayil, kuma a nan ya kamata a ɗan tsaya. Katunan memori na giga 32 zuwa ƙasa, da filash da yawa, da tsarin FAT32 suke zuwa, wasu rediyoyin mota da tsofaffin talabijin ma shi kaɗai suke karantawa. Wannan tsari ba ya karɓar fayil guda da ya wuce bait 4,294,967,295, wato gibibait 4 ba bait ɗaya. A saka gibibait 4 a kalkuleta a nemi gigabait: 4.29. Ma'anarsa, bidiyon da waya ta ce 4.2 GB ne zai shiga, domin a ƙirgan bibbiyu 3.91 ne kawai. Amma wanda Windows ta ce 4.2 GB ne ba zai shiga ba, domin ainihinsa bait biliyan 4.51 ne, ko da filash ɗin fanko yake. Saƙon da ke fitowa, cewa fayil ya yi wa wurin girma, shi ke sa mutane zaton filash ya lalace. Maganinsa a kwashe abin da ke ciki a sake tsara shi da exFAT, tsarin da ba shi da wannan iyaka, bayan an tabbatar na'urar da za a saka shi tana karanta exFAT, ko kuma a raba bidiyon gida biyu. Kyamarar da ke ɗauka a megabit 17 cikin daƙiƙa tana cin megabait 127.5 a minti, za ta kai wannan iyaka cikin kusan minti 34. Mai ɗaukar walimar aure ko zaman tafsiri da ya ga kyamararsa tana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, dalilin ke nan.

Sai batun bit da bait, wanda ya fi na 1,024 ɓarna domin shi ninki takwas ne. Ƙaramin b bit ne, babban B bait ne, bit takwas ke yin bait ɗaya. Kamfanonin intanet irin su STC da Mobily da Zain, kamar takwarorinsu a ko'ina, da megabit suke tallar gudu, fayil kuwa da megabait ake auna shi. Layin gida na megabit 100 ba zai sauke fiye da megabait 12.5 a daƙiƙa ba, in manhajar saukewar da 1,024 take ƙirga ma 11.92 za ta nuna. Kalkuletar tana yin wannan sauyi daidai, amma a nan ne gazawarta ta biyu take fitowa: ba ta da sashen gudun data ko kaɗan. Sashenta na gudu na kilomita ne da mil. In kana son sanin tsawon lokacin da fayil na gigabait 10 zai ɗauka, sai ka mayar da shi megabit 80,000 a nan, ka fita ka koma kalkuleta ta gama-gari, ka raba da 100, ka sami daƙiƙa 800, wato minti 13 da daƙiƙa 20. A cikin gurbin sauyin ba a iya tarawa ko ninkawa ko rabawa, lamba kawai yake karɓa. Ba ya kuma ajiye tarihin abin da ka sauya, kuma maɓallin da ke riƙe kalkuleta a saman sauran tagogi na sashen gama-gari ne kawai. Ga mai aiki da Explorer a buɗe yana kwaso lambobi, wannan kai-komo yana gundura.

Haka abin yake ga masu loda karatun Alƙur'ani da wa'azi a memori, sana'ar da ke ci sosai idan alhazai sun fara haramar komawa gida. Sautin MP3 mai kilobit 128 yana cin bait 16,000 a daƙiƙa, megabait 57.6 a awa. Karatun da ya kai awa 30 zai ci megabait 1,728, wanda Windows za ta nuna a matsayin 1.61 GB ko kusa da haka. A kilobit 64, wanda ya wadatar ga muryar malami ba tare da kiɗa ba, rabin haka ne. Kalkuletar tana taimakawa a mataki na farko da na ƙarshe, ninkawar tsakiya kai za ka yi.

Akwai kuma abin da babu mai sauya ma'aunin da zai gaya maka. A Properties na kowace jaka akwai lamba biyu, girman fayilolin da kuma wurin da suka mamaye a faifai. Faifai ba ya ba da wuri bait-bait, gurbi-gurbi yake bayarwa. A NTFS, tsarin da faifan Windows ke amfani da shi, gurbin da aka saba kibibait 4 ne, amma a exFAT, kan abin da ya wuce giga 32, Windows tana sa kibibait 128. Fayil mai kibibait 10 zai cinye gurbi guda sukutum. Ƙananan fayiloli 10,000 irin wannan, da jimillarsu ba ta kai mebibait 100 ba, za su mamaye gibibait 1.22. Wanda ya kwashe jakar WhatsApp mai cike da ƙananan hotuna da saƙonnin murya zuwa babban filash ya ga wuri ya ƙare da wuri, ya duba nan kafin ya zargi lissafi.

Mafi muni shi ne jabu, kuma a nan kalkuleta alama kawai take iya bayarwa. Memori ko filash na jabu ana sauya bayanin da ke cikin na'urar sarrafa shi ne, ya riƙa gaya wa kwamfuta yana da giga 128 ko tera 2, alhali ainihin ƙwaƙwalwarsa ƙila giga 8 ce ko 16. Yana karɓar fayil ba musu, sunaye suna fitowa a jere, amma da zarar an wuce ƙarfinsa na gaske, ko dai sabon ya hau kan tsoho ya goge shi, ko ya tafi a banza. Sai an isa Kano ko Zinder an buɗe hotunan Arfa a tarar ba sa buɗuwa. Alamar da lissafi ke bayarwa ita ce wannan: kati na gaske ba ya wuce lambobin da aka jero a sama. In an rubuta 128 kuma Windows ta nuna 125 ko 128 cif, ba albarka ba ce, abin tuhuma ne. Sai dai jabun da aka saita da wayo zai nuna 119 sak, don haka hujja ta ƙarshe ita ce a cika shi a karanta. H2testw, ƙaramar manhaja ta kyauta da ta fito daga mujallar kwamfuta ta c't a Jamus, wannan ne aikinta: tana rubuta fayiloli har wuri ya cika, ta dawo ta karanta su, ta faɗi nawa suka dawo lafiya nawa suka lalace. Masu Linux da Mac suna da F3. A ware mata lokaci: katin 128 mai rubutu a megabait 20 cikin daƙiƙa zai ɗauki daƙiƙa 6,400, kusan awa ɗaya da minti 47, kafin a zo karantawa. Ba gwajin da za a fara ana jiran motar filin jirgi ba ne. A yi shi ranar da aka saya, a kuma adana fatura, domin da ita ake mayar da kaya, da ita kuma ake kai ƙara ga Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900 ko ta manhajarta ta Balagh Tijari.

Idan aka gwada ta da na Google, kowacce da inda ta fi. Rubuta 1 TB in GiB a gurbin bincike yana ba da amsa iri ɗaya, kuma na Google yana da sashen gudun data da na Windows ya rasa. Amma yana bukatar intanet, kuma in ka rubuta mb da ƙananan haruffa sai ka duba da kyau ko bit ya ɗauka ko bait. Na Windows bai bar wannan ƙofa ba, domin cikakken suna kake zaɓa daga jeri. A kwamfutar da aka saita ta nuna lambobin Larabci irin na gabas, a ƙara lura: alamar da ke raba dubbai da wadda ke raba ɓangaren lamba suna kama da juna ƙwarai a ƙaramin rubutu. Manhajojin sauya ma'auni da ke cike a wayoyi kuwa, da yawa ba sa faɗin ƙirgan da suke bi. Gwajinsu daƙiƙa biyar ne: saka giga ɗaya ka nemi mega. In ta ce 1,000 ka san inda ta dosa, in ta ce 1,024 ma ka sani. Wadda ba ta da gibi a jerinta ba za ta mayar da tera ɗaya 931 kai tsaye ba, tunda ƙirga ɗaya kawai ta sani.

Akwai wani ɗan ƙari a ƙasan amsa, inda take nuna adadin ya yi daidai da faifan CD ko DVD nawa. Ga yaran yanzu ba shi da wani amfani, amma dattijon da ya saba da faifan wa'azi ya fi gane "DVD ɗari biyu da 'yan kai" a kan "tera ɗaya".

Ga mai shago, da mai gyara, da ɗalibin da ke Jami'ar Musulunci ta Madina ko Ummul Ƙura yana tara littattafai da darussan murya a faifai, ta isa a dogara da ita, muddin an riƙe ƙa'idar gibi ga duk abin da Windows ta nuna. Matsalar kawai ita ce tsofaffin kwamfutoci masu Windows 7 da har yanzu ake samu a wasu shaguna: kalkuletarsu tana sauya tsawo da nauyi da zafi, amma babu data a jerinta. A irin wannan hali, ko in waya kaɗai ce a hannu, lamba biyu sun wadatar. Giga na jikin kwali a ninka shi da 0.931, tera a ninka shi da 0.909 in Windows a TB take nunawa. Faifan tera 6 zai ba da 5.45, katin giga 400 zai ba da 372.